Ina Zan Samu Taya Mai Sauƙin Kuɗi Da Za Ta Jure Lodi?

Tambaya: Ni manomi ne a yankin Watari, ƙaramar hukumar Bagwai. Ina da tsohuwar Hilux da nake kwaso shinkafa da tumatir daga gonakin rani, wani lokacin har Dawanau ko 'Yan Kaba. Tayoyin baya sun suɗe, ɗaya ma ta fara kumbura a gefe. Na tambayi kuɗin sabuwa na ji abin ya fi ƙarfina, abokai kuma suna cewa in sayi ta gwanjo. Don Allah ina zan samu mai sauƙin kuɗi wadda ba za ta kunyata ni a hanya ba?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a noma. Kafin maganar kasuwa, wannan tayar da ta kumbura ka cire ta yau, ka ɗaura safaya. Kumburi a gefe alama ce cewa zaren da ke riƙe da jikin tayar ya tsinke daga ciki, kuma babu mai facin da zai iya gyara shi. Ranar da za ta fashe ba za ta yi maka sallama ba.

Tsadar da ka ji tana da dalili. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa da ta Ikeja a 2008. Tun daga lokacin kusan duk tayar motar da ke kan titunanmu daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayo ta, kuma da aka saki naira a watan Yunin 2023 sai kuɗin ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka kada ka dogara da farashin da wani ya gaya maka wata biyu da suka wuce.

Inda za ka nufa shi ne Kano. A Bagwai da Bichi za ka samu masu faci da 'yan tayoyi jingine a bakin shago, suna kuma fitar da mutum kunya ranar da ya maƙale, amma yawancinsu daga birni suke sarowa, sun ɗora ribarsu, zaɓin kuma kaɗan ne. Tunda dama kana bin hanyar Bichi zuwa Dawanau, ka haɗa tafiyar da ranar kai kaya. Idan ka sauke, ka ƙarasa kasuwar Ƙofar Ruwa, wadda ba ta da nisa da titin Katsina, sannan ka leƙa shagunan Sabon Gari. Ka tambayi aƙalla shago uku kafin ka ciro kuɗi. Ka kuma shiga shagon da kanka. Yaran da ke tare mota a bakin kasuwa suna cewa "Alhaji me ake nema?" la'adarsu a cikin kuɗinka take. Mai shagon da ke da suna a allo, mai bayar da rasit, wanda za ka dawo ka same shi bayan wata uku, ya fi wanda ya rage maka 'yan kuɗi a kan titi. Idan kuna da masu a-kori-kura biyu ko uku a garinku da ke bukata, ku je tare. Wanda ya zo sayen taya takwas ba a yi masa irin cinikin mai sayen ɗaya.

Sai maganar gwanjo, wadda nake so ka saurare ni da kyau a kanta. Shawarata kada ka saya, musamman don baya inda lodi yake zama. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su, don haka wadda ka gani a kasuwa ta ɓarauniyar hanya ta biyo, kuma ba ka san abin da ta gani kafin ta iso ba. Da yawa daga cikinsu tayoyin hunturun Turai ne. An yi robarsu da laushi don ta kama titi a cikin ƙanƙara, kuma za ka gane su da hoton ɗan dutse mai ƙololuwa uku da tambarin ƙanƙara a tsakiya. Irin wannan robar idan ta hau kwaltar Bichi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa maki 40, cinyewa take yi da sauri. Akwai kuma waɗanda suka suɗe aka bi su da wuƙa mai zafi aka sake yanka musu zane, aka shafe su da baƙi suna ƙyalli. Wanda ya yanka zanen ya rage kaurin robar da ke kare wayar ciki. Araha ba ta ado, balle ga motar da ke ɗauke da amfanin gonar shekara da yaran mota zaune a kan buhuna.

Abin da ya dace da aljihunka shi ne sabuwar taya ta matsakaicin kamfani. Michelin da Bridgestone suna da kyau, kuɗinsu kuma ya san da haka. A ƙasa da su akwai Maxxis ta Taiwan, da Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, sai na Sin irin su Triangle da Linglong da Westlake da Sailun, waɗanda manyan masana'antu ne da ke sayarwa a ƙasashe da dama. A ganina sabuwar Triangle ko Westlake mai daidai da lodinka ta fi tsohuwar Michelin da ba ka san tarihinta ba. Wadda za ka guje wa ita ce mai sunan da ko direbobin tasha ba su taɓa jin sa ba.

Ko sabuwar ma sai ka karanta gefenta, kuma karatun ba shi da wuya. Da farko girma. Tsofaffin Hilux da yawa suna amfani da 195R15C ko 205R16C, na baya-bayan nan kuma 265/65R17. Ka kwafo abin da ke kan takardar da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Harafin C ɗin nan, ko LT a wasu, yana nufin an yi tayar don motar ɗaukar kaya, gefenta ya fi tauri. Kada ka yarda a ba ka ta ƙaramar mota don kawai ta shiga rim ɗinka. Bayan girman akwai wata lamba da ke nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 106 kilo 950 ke nan, 110 kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120. Ka tuna nauyin motar kanta yana cikin wannan lissafin. Hilux an yi ta ne don kayan da bai wuce kusan tan ɗaya ba, wato buhu goma masu kilo 100. Na san yadda ake lodi lokacin kaka, na kuma san kuɗin mai ne ke sa a haɗa sawu biyu a ɗaya, amma babu tayar da za ta daɗe a ƙarƙashin buhu ashirin, ko wane kamfani ne ya yi ta.

Na biyu, ranar ƙira. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe da ke cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2324, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara huɗu da ƙira, jami'anta kuma suna dubawa a hanya. Tayar da ta kwana shekara uku a sito ba sabuwa ba ce ko da ledarta na jiki. Ka shafa wurin lambar da yatsa, idan ka ji alamar an kankare an sake bugawa, ka ajiye ta.

Na uku, ka sa a tsayar da ita ka dubi bakinta, inda take kama rim. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya uku ko huɗu cikin ɗaya don su rage kuɗin kwantena da na haraji, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irin waɗannan a Legas. Cusawar da zarowar suna lanƙwasa wayar bakin, sai tayar ta riƙa sace iska ko ta kumbura tun tana sabuwa. Bakin da ya murɗe ko ya yi tsaga ba na saye ba ne.

Idan kuɗin bai kai na taya huɗu ba, ka sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, ka sa su a baya. Kada ka haɗa sabuwa da suɗaɗɗiya a gefe da gefe. Tunda rabin tafiyarka burji ne da gefen magudanan ruwa, rabi kuma kwalta, ka nemi mai alamar A/T, wadda aka yi don hanya kowace iri. Mai manyan haƙora ta taɓo, M/T, ta fi tsada, tana ƙara shan mai, kuma kwalta na cinye ta da wuri.

Kafin ka bar Kano ka sa a canja bawul, a yi balansin, a duba alaimen, domin ƙafar da ta karkace tana iya cinye gefen sabuwar taya cikin 'yan watanni. Ka sayi ɗan gejin iska naka ka ajiye a mota, kuɗinsa bai kai na faci kaɗan ba. Ka riƙa aunawa da safe kafin mota ta motsa, ka bi adadin da ke kan takardar ƙofa, wadda ta ware na mota fanko da na mota da kaya. Akwai direbobin da ke rage iska da bazara wai don kada zafi ya fasa taya. Wannan kuskure ne. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce gefenta ke lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗau zafi daga ciki har roba ta rabu da waya. Idan ka auna da rana bayan doguwar tafiya ka ga geji ya ɗan hau, ka bar ta haka, za ta sauka da kanta idan ta huce.