Darasi A Kan Amosanin Gaɓɓai

Zuwa ga Hakimai da malamansu na ƙasashen Gusau, da Tsafe, da Bungudu. Ga bayanin wata cuta wadda ya kamata ku sanad da talakawanku.

1. Alamunta

Ba kowane ciwon gaɓa ne na tsufa ko na sanyi ba. Akwai wani iri da ya kan fara daga ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu gaba ɗaya. Gaɓa ta kumbura, ta yi ɗumi, da safe kuwa ta sandare har wajen sa'a guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kashi 70 cikin 100 mata ne.

2. Yadda take aukuwa

Allah ya sanya wa jiki dakaru, watau fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙar cuta. Suna aika wa juna saƙo kamar yadda umurni ke fitowa daga Sarki zuwa Hakimi, daga Hakimi zuwa Dagaci. Jakadunsu kuwa waɗansu sinadarai ne, manya daga ciki su ne TNF da IL-6.

To, a wannan cuta saƙon ƙarya ne ke yawo. Waɗansu ƙwayoyi, da ake kira T, su kan ɗauki tantanin da ya lulluɓe gaɓa a kan abokin gaba. Sai su tā da manyan ƙwayoyi masu haɗiye cuta, su kuma su saki TNF. Shi ke buɗe hanyoyin jini, ya kirawo ƙarin dakaru, waɗanda in sun iso su ma su aika da nasu jakadun. Yekuwa ke nan wadda babu mai janye ta. Tantanin ya yi kauri, ya ci guringuntsi, sa'an nan saƙon ya kai ga ƙwayoyi masu rushe ƙashi. Daga nan yatsu su karkace, mace ta kasa riƙe taɓarya, manomi ya kasa riƙe hauya, malami ya kasa riƙe alƙalami.

3. Magani

A 1992, a Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini suka gwada wa majinyata maganin da ke tsare TNF, kumburi kuwa ya sauka. Wannan ya nuna in an kame jakada, dakaru sun lafa. Irin waɗannan allurai suna da tsada. Maganin da likitoci suka saba farawa da shi shi ne metotirekset. Sau ɗaya tak ake shansa a mako. Shansa kullum na iya kisa, mai ciki kuma ba ta shansa. Magani ba ya tumɓuke cutar, amma yana kwantar da ita. Ƙashin da ya riga ya zaizaye kuwa ba ya komawa, saboda haka watannin farko su ne abin kiyayewa.

4. Abin da ake bukata gare ku

(a) Ku umurci Dagatai da Masu Unguwa, duk wanda gaɓoɓinsa suka kumbura har mako 6, a kai shi asibitin Tsafe ko na Bungudu. In ta kama, daga can a tura shi Asibitin Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau, a auna jininsa.

(b) Ku gargaɗi magidanta kada su ce wa matansu ƙiwuya ce.

(c) Ku ja kunnen jama'a game da ƙwayoyin da ’yan talla ke sayarwa a kasuwa. Waɗansu su kan danne zafi, amma yawan shansu na jawo gyambon ciki, ko ciwon suga, ko raunin ƙashi. Ƙaho da sakiya ba su kai ga tushen ciwon.

(d) Shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar, yana kuma rage amfanin magani.

Malamai su karanta wannan a gaban majalisar Hakimi, su kuma rubuta ranar da aka karanta. Tun ran gini, ran zane. Allah ya ba mu lafiya, amin.