Darasi: Yadda Waya Ke Taimakawa Wajen Kamun Tarwaɗa a Hunturu

Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ruwa kan yi sanyi, sai tarwaɗa da kurungu su lafe a gurbi mai zurfi. Masunci na iya wuni yana jefa fatsa a banza.

Nan ne na'urar gano kifi, irin su Deeper, ke da rana. Girmanta kamar lemo. Ana ɗaura ta a igiya a jefa ruwa, ta haɗu da waya ta Wi-Fi, ba sai da data ba.

Na'urar kan aika sauti ƙasa, ta jira amonsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka amon da ya dawo cikin daƙiƙa 0.01 na nufin zurfin mita 7.5.

A allon waya, dutse kan fito da layi mai kauri, laka kuwa dishi-dishi. Kifin da ya kwanta kan bayyana kamar ɗan tudu a kan layin. In an dace da gurbi, sai a adana wurin a Google Maps.

Amma a kula: na'urar ba ta ganin guba. Dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharada na ɗauke da sinadarin kromiyam zuwa Kogin Challawa, ya kwanta a lakar da tarwaɗa ke kiwo. Gara a nufi sama da masana'antun, wato madatsar Challawa da ke Ƙaraye.