Hatimin «An Tantance» a Cacar Intanet: Me Yake Shaidawa?



Ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wata shubuha da ta yaɗu tsakanin samari tun da gidan caca ya tashi daga bakin titi ya shige cikin salula. A da, mai son caca sai ya tafi rumfar PMU ko ya zauna wurin ƴan karta, idon jama'a na ganinsa, kunya na hana shi. Yau kuwa yana kwance a ɗakinsa yake zuba kuɗi. Idan aka yi masa nasiha sai ya ce: wannan wasa an tantance shi, akwai hatimi a kansa, babu cuta a ciki. To, addininmu ya hore mu, kamar yadda ya zo a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi. Saboda haka za mu bi wannan hatimi tun daga tushensa, mu ga yadda ake samunsa, da abin da yake shaidawa, da abin da ya yi shiru a kansa.

Na farko: injin ƙuri'a

Caca ta intanet ta soma ne a tsakiyar shekarun 1990. A 1994 tsibirin Antigwa da Barbuda ya kafa dokar da ta ba da damar bayar da lasisi ga irin waɗannan kamfanoni, kuma zuwa 1996 an fara zuba kuɗi na gaske ta kwamfuta. Tun daga ranar aka sami matsalar amana. Wanda ke zaune a gaban mai raba karta yana ganin hannunsa. Wanda ke kallon gilashin salula kuwa ba ya ganin kome face hoto, alhali hukuncin ci ko faɗuwa ana yanke shi ne a wata babbar kwamfuta ta kamfani, a wata ƙasa mai nisa.

Abin da ke yanke wannan hukunci wata manhaja ce da za mu kira injin ƙuri'a, masu sana'ar kuma suna taƙaita sunanta da RNG. Aikinta fitar da lambobi waɗanda ba wanda zai iya hasashensu. Tana farawa da wata lamba da ake kira «iri», sa'an nan ta yi ta haifar da wasu lambobi daga gare ta bisa wani lissafi. Kowace lamba ana fassara ta: wannan karta ce kaza, wancan gida ne kaza a faifan rulet. Idan irin ya ɓoyu kuma lissafin ya yi ƙarfi, ba mai sanin abin da ke tafe. Idan irin ya tonu, dukan wasan ya tonu.

Hakan ya taɓa faruwa. A 1999 wasu masana kwamfuta a Amurka sun binciki lissafin da dandalin Planet Poker ke cuɗa karta da shi. Karta 52 ana iya jera su ta hanyoyi masu yawan da rubuta adadinsu ke cin lambobi 68. Amma wancan inji yana ɗaukar irinsa ne daga agogo, watau adadin ƴan gutsattsarin daƙiƙa da suka shige tun tsakar dare, waɗanda ba su wuce 86.400.000 ba a yini. Da masanan suka daidaita agogonsu da na kamfanin sai adadin ya sauko wajen 200.000, har ya zama idan sun ga karta biyar kaɗai sun san sauran duka.

Na biyu: ɗakunan gwaji

Saboda irin wannan ne hukumomi suka wajabta a kai kowane wasa ɗakin gwaji kafin a sake shi. Sanannu daga ciki su ne BMM Testlabs da aka kafa a 1981, da GLI da aka kafa a Amurka a 1989, da eCOGRA ta birnin Landan wadda ta soma a 2003, da iTech Labs ta Ostareliya. Su ma ana auna ƙwarewarsu da wani ma'auni na duniya mai lamba ISO 17025.

Aikinsu hawa huɗu ne. Da fari suna karanta rubutun manhajar layi-layi, ko an ɓoye wata ƙofa a ciki. Sa'an nan su sa injin ya fitar da miliyoyin lambobi, su auna su da gwaje-gwajen ƙididdiga, irin waɗanda George Marsaglia ya tattara a 1995 da sunan Diehard: shin kowace lamba na fitowa daidai rabonta, shin wadda ta fito tana nuna wadda za ta biyo ta? Na uku, su lissafa kason kuɗin da wasan ke mayar wa ƴan caca, wanda ake rubutawa RTP, su gani ko ya dace da abin da kamfani ya shelanta. Na huɗu, su ɗauki wata alama ta lissafi daga manhajar, tamkar zanen yatsa, domin idan aka sauya ko da harafi ɗaya daga baya alamar ta sauya, a gane.

A bisa ɗakunan gwaji kuma akwai hukumomin lasisi. Ingila ta kafa tata a ƙarƙashin dokar caca ta 2005, Malta ta fitar da ƙa'idodin caca ta nesa a 2004, yankin Kahnawake na Kanada yana da hukuma tun 1996. Tsibirin Kurasawo kuwa ya daɗe da suna wajen sassauci, inda kamfani mai lasisi ke ba wasu ƙananan lasisi a ƙarƙashinsa, sai a ƙarshen 2024 sabuwar doka ta zo ta canja wannan tsari. Wasu sababbin dandali kuma sun zo da wata dabara: kafin wasa su nuna wa mutum alamar irin a kulle da lissafin SHA-256, bayan wasa su buɗe irin, domin ya gwada ya ga ba a musanya shi ba.

Na uku: idan muka auna da ma'aunin malaman hadisi

Ɗalibin ilmi ya san cewa malamanmu ba su karɓar riwaya a matsayin ingantacciya sai ta cika sharuɗɗa biyar: isnadi ya sadu, maruwaita su zamo adilai, su zamo masu kiyayewa, riwayar ta kuɓuta daga saɓa wa wadda ta fi ta ƙarfi, ta kuma kuɓuta daga ɓoyayyar illa. Mu ɗora hatimin caca a kan wannan sikeli.

Saduwar isnadi: hatimin da ke ƙasan shafi hoto ne, kuma kowa na iya kwafar hoto. Na gaskiya idan an taɓa shi yana kai mutum ga shafin ɗakin gwajin, lambar lasisi kuma ana samunta a rajistar hukuma. Akwai kuma ƴan damfara da ke kwaikwayon sanannun wasanni, launi da sauti duk iri ɗaya, amma wasan na gudana a kwamfutarsu, sun rage abin da yake biya. Saurayin da ke Maradi ko Tawa, da ƴar salularsa, ta yaya zai tabbatar cewa manhajar da aka gwada a Landan ita ce wadda ke cin kuɗinsa a daren nan? Isnadinsa yankakke ne.

Adalcin mai shaida: kuɗin gwaji kamfanin caca ne ke biyansa, kuma shari'a ta koya mana yin hattara da shaidar wanda ke da amfani a cikin abin da yake shaida. Mai tsaro ma yana iya cin amana. Ronald Harris ma'aikaci ne na hukumar kula da caca ta jihar Nebada a Amurka, aikinsa binciken injuna. Shi da kansa ya riƙa gyara su don abokansa su ci. Asirinsa ya tonu a 1995 bayan wani abokinsa ya ci dala 100.000 a birnin Atlantic City, aka yanke masa ɗaurin shekara bakwai.

Ɓoyayyar illa: a 2007 da 2008 aka gano cewa a dandalin Absolute Poker da na Ultimate Bet wasu na cikin gida suna ganin kartar abokan wasansu a buɗe. Injin ƙuri'a lafiyarsa lau, lasisi yana nan, amma ana yashe mutane. Ƴan wasan ne da kansu suka tono abin ta hanyar bin diddigin wasannin da suka gabata, daga baya hukumar Kahnawake ta ci Ultimate Bet tarar dala miliyan ɗaya da rabi. A kuma lura cewa lasisin Ingila an yi shi ne domin kare masu wasa a can. Wanda aka hana wa kuɗinsa a Damagaram, wa zai kai wa ƙara?

Na huɗu: mu ƙaddara duk sharuɗɗan sun cika

Ga zuciyar darasin, ya ku ƴan'uwa. Mu ɗauka hatimin na gaske ne, ɗakin gwaji amintacce, ba illa ko ɗaya. Me aka shaida ke nan? An shaida cewa injin yana karɓe kason da ya ce zai karɓe, ba ƙari ba ragi.

Dubi faifan rulet irin na Turai. Gidajensa 37 ne, daga 0 zuwa 36. Wanda ya dace da gida ana biyansa ninki 35 na abin da ya sa, tare da mayar masa da nasa. To, a ce mutum ya sa sefa 100 a kan kowane gida, don kada ya kuskure. Ya zuba 3.700. Dole gida ɗaya ya ci, a ba shi 3.600. Ya rasa 100 alhali bai kuskure ba. Wannan shi ne rabon mai gida: ɗaya cikin 37, watau kashi 2,7 cikin 100. A faifan Amurka mai gida 38 rabon ya kai kashi 5,26.

Haka injin jujjuya hotuna da aka rubuta masa RTP 96. Ma'anarsa, cikin kowace jika 100 da jama'a suka zuba, a tsawon miliyoyin juyi, jika 96 ke komawa gare su a warwatse, 4 su tsaya wurin kamfani. Wani zai ce kashi huɗu ai kaɗan ne. To, a yi lissafi. Mutum ya shiga da jika goma, yana sa 500 a kowane juyi, abin da ya ci yana maido shi cikin wasa. Idan ya yi juyi 500, jimillar abin da ya zuba ta kai 250.000, kashi huɗu na wannan shi ne 10.000, watau jarinsa duka. Idan kowane juyi na cin daƙiƙa biyar, bai cika awa guda ba. Lalle wani zai tashi da riba a wani dare, shi ne kuma ake ɗaga hotonsa a talla, amma ribarsa daga aljihun ƴan'uwansa ta fito. Kuma injin da aka tantance ba ya tuna juyin baya. Mai cewa «na daɗe ina faɗuwa, cina ya kusa» yana ruɗin kansa ne, domin rashin wannan tunawa na daga cikin abin da ɗakin gwaji ya tabbatar.

Ashe hatimi hujja ce a kan ɗan caca. Tiya ce cikakkiya wadda aka auna aka ga ba ta da tauye, amma da ita ake kwashe hatsin rumbunsa.

Na biyar: hukunci

Allah Maɗaukakin Sarki bai rataya haramcin caca a kan maguɗi ba. A aya ta 219 ta Suratul Baƙara an bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A aya ta 90 da 91 na Suratul Ma'ida an haɗa ta da giya, aka yi umurni da nisantarta, aka ambaci dalili: tana haifar da gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Larabawan jahiliyya ma suna da nasu mai tantancewa, domin kibiyoyin cacarsu a hannun wani amintacce suke sa su, don kada a yi cuta. Duk da haka aka haramta. Malamai sun bayyana caca da cewa ita ce duk wata mu'amala da mutum zai shiga da dukiyarsa, ya fita ko da riba ko da hasara bisa sa'a kawai, ribar wani ta zama hasarar wani. Wannan siffa tana nan daram ko inji ya inganta ko bai inganta ba, kamar yadda tsabtar kwalba ba ta halatta abin da ke cikinta. Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya kira ɗan'uwansa zuwa caca, kira kaɗai, an umurce shi da yin sadaka. Sai masu raba wa abokai lambar gayyata don a ba su lada su yi wa kansu hisabi.

Likitoci ma sun iso inda shari'a ta riga su. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a sahu ɗaya da jarabar kayan maye, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta lissafa ta cikin cututtuka.

Nasiha

Wanda ya afka, ƙofar tuba a buɗe take: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, ya share manhajar daga salularsa, ya rabu da abokan da ke jansa. Kada ya ce sai ya maido abin da ya rasa, domin wannan ita ce igiyar da ake ɗaure ƴan caca da ita. Abin da ya rage a hannunsa na cin caca, malamai da yawa sun ce ya fitar da shi cikin maslahar jama'a idan ba a san masu shi ba. Iyaye su sa ido, su kuma ja yaro a jiki da hikima, domin wanda jaraba ta kama ya fi bukatar mai riƙe hannunsa bisa ga mai tozarta shi a bainar jama'a. Malamai da limamai kuma su koyi wannan lissafi, su yi wa samari shi a kan allo.

Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya wadata mu da halal ɗinsa, Ya shiryi zuriyarmu. Allah ne Mafi sani.