Kafin Ka Tsallaka Iyaka da Bindiga ko Naman Daji

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya kankama, mafarauta kan fara aika wa juna goron gayyata. Na Daura yana da abokan dawa a Magarya, na Illela yana da dangi a Birnin Konni, na Mubi ya san dazuzzukan da ke bayan duwatsu ta ɓangaren Kamaru. Wannan zumunci ya girmi iyakokin da Turawa suka shata, babu mai musun haka. Sai dai jami'in da zai tsayar da kai a shinge ba tarihi aka ɗora masa dubawa ba. Abu biyu zai gani a kayanka, bindiga da nama, kuma kowannensu yana da dokar da za ta iya kai ka gidan yari a ƙasar da ba ka da mai zuwa belinka.

Bindiga ce kan gaba, domin ita tana iya jawo wa mutum ajali tun kafin a kai ga alƙali. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa su uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai mai baki biyu da sauran bindigogin farauta na zamani, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai harbi-ka-ruga, wadda al'amarinta ke wurin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, dokar fashi da makami ta tanadar masa tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. A gida ke nan.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne zaton cewa lasisi yana bin mai shi duk inda ya sa ƙafa. Ƙarfinsa yana ƙarewa ne a shingen Nijeriya na ƙarshe. Jandarman da ke Ɗan Isa, kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ba ruwansa da hatimin Kwamishinan Katsina. Katin ƙungiyar mafarauta kuwa, da takardar Sarkin Baka ko ta hakimi, shaida ce cewa an san ka a garinku. Tana da amfaninta, ka riƙe ta, amma ba izinin ƙetarawa da makami ba ce. Sannan dokar Nijeriya kanta ta hana fita da bindiga ko shigowa da ita sai da izini na musamman, kuma ta mashigar da aka ayyana. Wato ko ka fita lafiya ta ɓarauniyar hanya, ranar da za ka dawo da bindigarka ta gado, a idon kwastan kai mai fasa-ƙwaurin makami ne.

Za ka ji wani ya ce ai ECOWAS ta ba da 'yancin zirga-zirga. Ta bayar, ga mutum da hajarsa, ban da makami. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen ƙungiyar suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta ce baƙon da ke son shiga wata ƙasa da bindiga na ɗan lokaci sai ya nemi izini tun kafin ya taso, ya faɗi dalilinsa da irin bindigar da lambar da ke jikinta, ya bayyana ta a mashiga a ba shi takarda, ya sake bayyana ta a ranar fita. A lura da batun lambar nan. Bindigar da maƙerin unguwa ya ƙera ba ta da lambar da za a rubuta, don haka hanyar yi mata takardar ƙetare a toshe take tun daga farko. Ga shi kuma Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, Kamaru da Chadi kuwa dama ba sa ciki.

Duk wannan maganar takarda ce. Abin da ya fi damuna shi ne halin da hanya take ciki yanzu. A ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin azumi, aka tare mafarauta 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida daga Fatakwal don yin Sallah. An ga bindigogin farauta a motar da suka shigo, aka yi musu kuɗin goro da masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Allah Ya ji ƙansu. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, babu abin da zai wanke su. Amma mutanen nan ko iyakar ƙasa ba su tsallaka ba. To ina ga baƙon da aka gani da bindiga a dajin Baban Rafi ta kudancin Maraɗi, ko a duwatsun Mandara, ko a gaɓar Tafkin Chadi, inda sojoji suka shafe shekaru suna artabu da 'yan bindiga da 'yan Boko Haram? Sojan da ya hango ka daga nesa da abu a kafaɗa ba zai jira ka ciro kati daga aljihu ba.

Don haka shawarata ga mai tafiya ta ƙasa ita ce ya bar bindigarsa a gida. In an gayyace ka farauta a ƙetare, ka je da hannunka, ka bar mai masaukinka ya gabatar da kai ga mai gari da jami'an gandun daji tun kafin a shiga dawa. Kada ka karɓi aron bindigarsa sai ka tabbatar dokar ƙasar ta yarda baƙo ya riƙe ta, kuma kana da takardar farauta mai sunanka. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta watan Afrilun 1998 ce ke tsara farauta, da takardunta da lokacin buɗewa da rufewa. Kamaru ta kasa namun daji aji uku, A da B da C, kuma na ajin A ba a taɓa su. Gandayen gwamnati irin su Waza da Faro a Kamaru, ko gandun W a Nijar, ko Gashaka Gumti a namu ɓangaren, ba wurin farauta ba ne ko kana da wace irin takarda. Karnukanka ma ana iya tambayarka shaidar allurar haukan kare.

Masu hali da ke zuwa farautar biya, a yankunan da aka keɓe kewayen Garwa ko a Afirka ta Kudu, nasu tsarin daban ne, kuma ya fi sauƙi domin hanyar a shimfiɗe take. Kamfanin da ya gayyace ka shi zai aiko da wasiƙa, da ita za ka nemi izinin shiga da bindiga na wucin gadi. A Afirka ta Kudu fam ɗin 'yan sanda mai lamba SAPS 520 ake cikewa. Ka fara da makonni kafin tafiya. Ka sanar da kamfanin jirgi tun ranar sayen tikiti, domin ba kowanne ke ɗaukar makami ba, kuma ƙasar da za ka ya da zango tana iya neman nata izinin ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. Bindigar za ta shiga akwati mai tauri mai kwaɗo, babu harsashi a cikinta, a kayan da ake aunawa. Harsashi kada ya wuce kilo 5 ga mutum ɗaya, cikin kwalinsa. Albarushi ba ya hawa jirgin fasinja ko kaɗan. Lambar da ke takarda ta yi daidai da ta jikin bindiga harafi da harafi, domin kuskuren lamba ɗaya ya isa a riƙe ta. Kuma ko ba farauta za ka ba, ka zazzage jakar da ka saba shiga daji da ita. A 2024 an tsare Amurkawa 'yan yawon buɗe ido a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da suka manta a jaka, a ƙasar da dokarta a lokacin ta tanadi ɗaurin shekara 12.

Sai nama, wanda mutane suka fi rainawa. Dokoki iri biyu ne ke kansa, kuma kowacce da jami'anta.

Ta farko ta kare dabbobi ce. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana duk suke ciki, ta jera dabbobin da ba a ƙetarawa da su, a raye ko a mace, ko wani sashe nasu, sai da takarda. Nijeriya ta kafa tata dokar a kan haka a 1985, ta ƙara tsaurara ta a 2016, kuma takardar daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya take fitowa. Damisa da jiminar yankinmu suna rukunin farko, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ɗankunya ya shiga rukunin tun 2017, kuma bayan kamun tan-tan na ɓawonsa da kwastan suka yi a Legas a 2021, idonsu a buɗe yake a kansa. Mesa da guza da damo ma suna cikin jerin masu neman takarda. Kalmar nan ta “sashe” ta haɗa da ƙirgi da haƙori da farce da ƙaho da kitse, ta haɗa da jakar fatar mesa da ka saya tsaraba, har da layar da aka ɗinke da fatar damisa.

Na san akwai masu ganin wannan doka ta Turawa ce da aka ɗora mana. Ni ban ga haka ba. Tambayi kowane dattijon mafarauci abin da ya tarar a dawa yana yaro, gwanki da ɓauna da barewa garke-garke, sannan ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganinsu. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa kimanin 50. Da aka tsare su, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, yau sun haura 600. Mai sana'ar dawa shi ya fi kowa asara in dawa ta ƙare.

Matsalar bandataccen nama ita ce ba shi da fuska. Da an cire kai da fata an kyafe shi, jami'i ba zai iya bambanta gada da abin da aka haramta ba, kuma ba zai ɗauki rantsuwarka a matsayin hujja ba. Mafi ƙarancin abin da zai faru shi ne a ƙwace.

Doka ta biyu ta cuta ce, kuma ita ce ke jiran mai tafiya Turai da Amurka. A 2003 an shigar da wasu dabbobi daga Ghana zuwa Amurka, cikinsu har da gafiya, suka kai ƙyandar biri, mutane fiye da 40 suka kamu. Tun daga nan Amurka ta hana shigar da dangin ɓera na Afirka, a raye ko a mace, abin da ya shafi gafiya da gyazbi da beguwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce tarar shigar da naman daji tana iya kaiwa dala 250,000. Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta ƙara sa ido a kan jiragen da ke tasowa daga Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya ƙiyasta cewa kusan tan 5 na naman daji ke shiga ta filin jirgin Charles de Gaulle na Faris kowane mako, shi ya sa jakar ɗan Afirka ke shan bincike a can. Kyafewa tana busar da bayan nama, amma sau da yawa cikinsa yana nan da ɗanyensa, kuma a nan ƙwayar cuta ke fakewa.

Kilishi da dambun nama, waɗanda iyaye ke ɗaure wa ɗalibi ko amarya mai bin miji, na shanu ne, amma su ma ba su tsira ba. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da kowane irin nama a jakarsa, ɗanye ko busasshe. Tsoronsu boru ne, cutar nan ta baki da kofato, wadda a 2001 ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya. Amurka ma ba ta karɓar kilishin gida daga ƙasar da cutar take, kuma tana da karnuka a filayen jirgi da aka horar don sunsuno abinci. Naɗe shi cikin atamfa ko cusa shi cikin garin rogo ba ya ɓatar da karen, sai dai ya nuna wa jami'i cewa da gangan aka ɓoye.

Idan ka riga ka sauka da shi, kada ka yi ƙarya. Inda aka tambaya ko kana ɗauke da nama, ka amsa eh, ko ka bi layin masu bayyana kaya ka miƙa shi. Wanda ya bayyana kilishi, yawanci karɓewa ake yi a lalata, ya wuce abinsa. Wanda ya ce babu aka samu, shi ke biyan tara, kuma sunansa ya shiga kwamfuta, abin da kan iya biyo shi ranar sabunta biza. Haka nan saƙon da wani zai ba ka a filin jirgin Kano ko na Yamai, a ɗaure, ya ce ɗan yaji ne da kuka za ka kai wa ƙanwarsa: ka ce masa ya yi haƙuri ya kwance a gabanka ka gani, domin duk abin da aka samu a jakarka, kai za a tuhuma.