Iska a Birkin ABS: Aikin da Ba Ya Son Gaggawa

Birkin mai ba ya jure iska ko kumfa guda, domin mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. A babur mai ABS abin ya fi haka tsanani. Tsakanin hannun birki da kalifa akwai akwati mai famfo da bawul, kuma wasu hanyoyin cikinsa a rufe suke sai taya ta nemi ƙagewa. Iskar da ta maƙale a can ba ta fita da bilidi na yau da kullum, wato aikin fitar da iska daga birki.

Kamfanin BMW ne ya fara sa ABS a babur a 1988, Indiya kuma ta wajabta shi ga baburan da suka wuce 125cc daga Afrilun 2019, shi ya sa ake ganinsa a wasu samfuran Pulsar da Apache. Amma yawancin masu gyara a Haɗejiya da Kirikasamma a kan Boxer da Jincheng, masu birkin waya da sanda, suka koyi sana'a.

Wani matashi mai sayo kifi a Baturiya yana kaiwa kasuwar Haɗejiya ya sayi babur mai ABS na hannu. Bayan damina ya ji birkin gaba ya yi laushi, ya kai wa wani mai gyara a bakin titi. Ogan ya miƙa wa yaron shago. Yaro ya kwance notin bilidi, ya yi ta danna hannun birki da makulli a kunne har kofin mai ya ƙafe ƙaf, sannan ya cika shi da ragowar wani mai da ke cikin robar ruwa marar murfi. Shi kuma mai babur yana tsaye a kansu: "Oga, a yi sauri, kifi zai lalace." Hannun birki ya yi tauri, aka biya, aka rabu.

A hanyar komawa shanu suka ɓullo daga fadama, ya damƙe birki a kan rairayi. ABS ya tashi, bawul ya buɗe, iskar da ke ɓoye ta fito cikin tiyo. Da ya sake damƙa, hannun birki ya tafi har jikin kan babur, babu komai. Ya samu karaya a cinya, har yanzu da sanda yake tafiya. Mai gyaran kuwa cewa ya yi babur ɗin ne mai aljanu.

Taurin hannun birki a gareji ba shaida ba ne. Wanda bai san ABS ba kada ya taɓa shi.

Yadda aikin yake: makulli a kashe, a cika kofi da sabon mai daga rufaffiyar kwalba, irin wanda aka rubuta a murfi, galibi DOT 4. A sa siririn tiyo mai nuna ciki a kan notin bilidi, a damƙe hannun birki, a buɗe notin, a rufe kafin a saki hannu. Kofi kada ya ƙafe, ko sau ɗaya. Idan kumfa ya ƙare, a tayar da famfon ABS da kwamfutar gwaji, a sake bilidin. Inda babu kwamfuta, a kai babur fili marar mutane, a taka a hankali a kan rairayi, a kama birki har hannu ya ji karkarwa, sau da yawa, a dawo a sake. Wannan zagaye na biyu shi ake tsallakewa, shi ne kuma ainihin aikin.

Batun irin mai kuwa, baƙin mai ko man giya yana kumbura robobi, ya kashe akwatin gaba ɗaya. DOT 5 bai dace da ABS ba.

Sai maganar ruwa, wadda masu babur a wannan yanki ke rainawa, alhali duk damina cikin laka da tsallaken ruwa suke. Man birki yana shan danshi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, ya yi tururi, birki ya ɓace kamar an sa masa iska. Duk shekara 2 ake canza shi, ba sai ya koma kalar shayi ba. Man da ya kwana a buɗe na zubarwa ne.

Duk mai babur da fitilar ABS ɗinsa ta ƙi mutuwa bayan ya fara tafiya, ko hannun birkinsa ya yi laushi bayan gyara, ya ajiye babur ɗin har a sake aikin.