Gyaran Fasalin Sabon Gida Tun Yana Bisa Takarda

Gyaran gida bisa takarda fensir da roba kaɗai ya ke ci, amma in an riga an ɗora tubali, sai diga da kuɗi. Saboda haka a darasin nan za mu ɗauki taswirar irin gidan nan marar bene wanda Turawa ke kira bangalo, mu duba inda za a kyautata ta. Sunan kuwa daga Bangal ta ƙasar Hindu ya fito, can ne Ingilishi suka ga irinsa, suka yaɗa shi cikin ƙasashen da suka mallaka.

Ga yadda magina suka saba zana shi yanzu. Fuloti mai ƙafa 50 faɗi, ƙafa 100 tsawo. Ƙofa guda, da an buɗe ta sai falo. Daga falo sai wani lungu mai duhu, ɗakuna uku dama da hauni, madafa da makewayi can ƙurya suna jingine da juna. Ga ido yana da kyau. Amma ku sa bakin fensir a ƙofa, ku bi sawun kowa da ke shiga. Baƙo, da mai gida ya dawo daga aiki, da yarinya mai ɗauko ruwa, duka ta falo za su bi, watau daidai wurin da jariri ke rarrafe, inda kuma a ke ajiye kwanon tuwo. Kakanninmu ba su yi haka ba. Sun sa zaure, sa'an nan ƙofar gida, sa'an nan shigifa, kāna a kai cikin gida, kowane mataki da wanda ya ke tsayawa a nan. Mutane na zaton don kunya da tsari kaɗai aka yi wannan. Abin da ya faru a yammacin Zamfara ya nuna har rai yana ciki.

A cikin watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarad da yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, galibi bayan sun yi ta jijjiga. Da aka bincika sai aka ga dalma ce. Duwatsun da a ke haƙowa don neman zinariya cike su ke da ita, a kan kawo su cikin gida a daka a turmi, a niƙa, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka bisa ƙasa, yara su taɓa su kai hannu baki. Masu binciken CDC ta Amurka sun ƙirga a Dareta da 'Yargalma, suka sami cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimlar waɗanda suka rasu a yankin ta kai wajen 400. Sunke tana cikin ƙauyuka bakwai da aka fara yi wa aiki a 2010 da 2011, tare da Abare da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji da biyun da muka ambata. Bagega sai 2013. Aikin kuwa shi ne a kankare fuskar ƙasar gida wajen inci 2, a kwashe a binne, a zubo sabuwa, domin dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama kuma ba ya gama da ita.

To, mai zana gida a irin wannan ƙasa, farkon abin da zai rubuta bisa takardarsa shi ne abin da ba shi da wuri a gidan ko kaɗan. Dutsen zinariya, da turminsa, da buhunsa, ba su da ɗaki, ba su da rumfa, ba su da ko kusurwar danga. Amma wannan bai isa ba, gama ƙurar tana bin mutum a riga da takalmi da gashin kai. Sai a buɗe ƙofa ta biyu a gefen gida, a gina mata ɗan wurin wanka ƙafa 5 da ƙafa 6, da ƙusoshin rataye tufafin aiki, da akwati mai murfi don takalma. Mai dawowa daga rami nan zai tuɓe, ya yi wanka, ya sake riga tukuna ya isa wurin 'ya'yansa. Ruwan wankan kada a sake shi tsakar gida, inda zai bushe ya koma ƙura. A yi masa kwata zuwa rufaffen rami. Manomi mai fesa maganin ƙwari da makaniki mai taɓa batir su ma wannan ƙofa tasu ce.

Daɓen ƙasa yana da sanyi, muna kuwa sonsa, amma ba ya goguwa. In kuɗin siminti ba su isa gida duka ba, a fara da ɗakin uwa da yara, da wurin cin abinci, da ɗan dakali na shanyar hatsi. A goge su da jiƙaƙƙen tsumma, domin busasshiyar tsintsiya ta da ƙura kawai ta ke yi. A kuma tambayi mai tubali inda ya ɗebo ƙasarsa. In kusa da inda aka taɓa wanke dutse ne, an gina dafin cikin bango ke nan.

Mai gida zai ce ina kuɗin wannan ƙari duka. Ku auna masa lungun nan mai duhu. Faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 30, watau murabba'in ƙafa 120, daidai da ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12. A shafe shi, a jera ɗakunan layi guda, ƙofofinsu su buɗe bisa baranda mai duban tsakar gida, wadda ginshiƙai da kwano kaɗai ta ke bukata. Filin da aka tsirar ya zama zaure a gaba, ƙofarsa ta ciki kuwa a kauce da ita kada ta yi saiti da ta waje. Da haka kowane ɗaki ya sami taga biyu masu fuskantar juna, iska ta ratsa. Dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, don kada ranar yamma ta gasa ɗakunan kwana. Tagar gabas a ƙanƙanta ta, gama daga can hadari ke tasowa.

Saura salga da rijiya. Ƙa'idar ma'aikatan tsabta ita ce a raba su da ƙafa 100, wajen mita 30 ke nan. Fulotinmu daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa ƙafa 112 ne, saboda haka ba su da wurin zama sai can da can, wajibi ne kuma a leƙa a ga inda maƙwabci ya haƙa tasa. Mai zama a salga kada ya fuskanci alƙibla, kada ya ba ta baya. Wannan ma tun a takarda a ke shirya shi.

Aikin wannan mako: kowa ya auna gidan da ya ke kwana, ya zana shi, inci guda a madadin ƙafa 8. Ya ja jan layi bisa hanyar da mai dawowa daga aiki ke bi, da shuɗin layi kewaye da inda yara ke wasa da ci. Ya sa alama duk inda layukan biyu suka gamu, ya kawo ran Litinin.