Amsoshin Tambayoyinku: Farkon Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Wani mai sauraronmu daga Belbeji, ƙasar Damargu, yana tambaya: yaushe jami'o'in Amurka suka fara ƙwallon ƙafa irin nasu?

To, malam, ranar 6 ga Nuwamba 1869 aka fara, inda ɗaliban jami'ar Rutgers suka karɓi baƙuncin na jami'ar Princeton a garin New Brunswick. Kowane ɓangare mutum 25 ne, ƙwallon kuwa mulmulalliya, ana shurinta, ana bugunta da hannu, amma ba a ɗauka a ruga da ita. 'Yan Rutgers jan ƙyalle suka ɗaura a ka don a gane su, suka kuma yi nasara da ci 6 da 4. Bayan mako guda Princeton ta rama da 8 da nema. Daga baya, a 1880, aka amince da shawarar Walter Camp na jami'ar Yale ta rage 'yan wasan kowane ɓangare zuwa 11.